Na Durƙusa wa Kofur a Bayan Doguwa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a a bayan Doguwa, ranar da bakina ya ɗauko kayan da gwiwoyina suka kasa ɗauka. Na daɗe ina ɓoye labarin nan. Yau dai na ga gara in tona kaina da kaina, tun kafin wani ya riga ni ya ƙara masa gishiri.

Ni malamin sakandare ne, mutumin Badafi ta ƙasar Kiru, kuma darasin da nake koyarwa shi ne sanin haƙƙin ɗan ƙasa. A majalisarmu ta gindin darbejiya Lauya ake ce mini (ban taɓa taka ƙofar kotu ba, ko da sunan shaida). Ina da wani ɗan ƙaramin kundin tsarin mulki da nake yawo da shi a aljihun gaba, har ya yi laushi saboda zufa. Da an taɓo zancen 'yan sanda sai in zaro shi in buga a kan benci. Ko lokacin da matasa suka yi ta zanga-zanga a birane kan cin zalin masu kaki, ni ne na miƙe na ce matsalar ba ta kaki ba ce, ta jahilci ce. Na ce duk wanda ya san haƙƙinsa ba mai ɗora masa yatsa a ƙasar nan. An tafa mini ranar, har mai shayi ya ƙara mini madara.

To ina da taubashi, Isuhu, ɗan goggona da aka kai aure Maraɗi tun kafin a haife ni. Tela ne, dogo, marar yawan fushi, mai bakin tsiya. Kun dai san wasan ɗan mace da ɗan namiji, ba a raga wa juna. Namu kuma sai ya samu iyakar ƙasa ya jingina da ita. Ban taɓa kiran sa da sunansa ba sai Ɗan Nijar, shi ma bai san ni da wani suna ba sai Ɗan Najeriya. In ya kira waya, kafin ya tambayi iyali sai ya tambaya ko an kawo wuta. Ni kuma in tambaye shi ko ruwan sama ya tuna da su bana. Shekara da shekaru haka muke, kuma ban ɓoye muku ba, duk dangi ba wanda nake jin daɗin muryarsa kamar shi.

Da aka sa ranar auren 'yar kawunmu a wani ƙauye can bayan Doguwa, Goggo ba ta da ƙafar tafiya, sai ta turo Isuhu ya wakilce ta. Ta kira ni da kanta.

"Ga ɗan'uwanka nan tafe. Bai taɓa wuce Kano ba, kuma ina jin labarin hanyoyinku. Amana na ba ka, ka ji ko?"

Na ce, "Haba Goggo! Yana tare da ni? Ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba sai da izinina."

Ya kwana biyu a Badafi, ran Juma'a da sassafe muka shiga mota a Kwanar Dangora muka nufi kudu. Kafin mu kai Tudun Wada mun raba motar gida biyu. Na ce mu ne muke ba su wutar lantarki, ya ce, "Gaskiya ne, kun ba mu kun zamna cikin duhu, Allah shi saka da alheri." Na ce kilishinmu, ya ce in daina, kar a ji a Maraɗi a yi mana dariya. Na kawo ƙwallo, ya kawo kokawa. Da na ga yana neman ya kai ni ƙasa a gaban mutane, sai na zaro babban makamina.

"Kai dai ka yi shiru. Ku da soja ke juya ku? Ku da jandarma zai ɗaga gira gari ya watse? Mu nan 'yanci gare mu. Ɗan ƙasa yana tsayawa ya dubi ɗan sanda ido cikin ido ya tambaye shi dalili."

"Ka taɓa yi?" in ji Isuhu.

"Sau nawa!"

Wani dattijo a gaban mota ya waiwayo ya dube ni, ya mayar da kansa. Shi kuma Isuhu sai da muka wuce shinge na uku a cikin dajin Falgore sannan ya zungure ni ya ce, "Ɗan Najeriya, mi ya sa duk inda aka tsai da mu barci ke ɗaukar ka?" Na ce gajiya ce. (Ba gajiya ba ce. Za mu zo wurin.)

A Doguwa na ari babur wurin wani malami abokina, ya kwatanta mana yanke ta cikin gonaki, ya ce in mun bi ta za mu samu Juma'a a garin ɗaurin auren, don ana idar da salla za a ɗaura. Muna hawa Isuhu ya lalube aljihunsa ya ce, "Kai, na baro kartina cikin jaka a Badahi." Katin shaidarsa yake nufi. Na ga fuskarsa ta canza da gaske, ba wasa a ciki. Ya ce ko mu koma babbar hanya mu jira 'yan'uwa, a tafi cikin jama'a. Ni kuwa na bugi aljihun gabana na ce ga takardarsa nan, kundin ƙasa guda. Na ce nan ba Nijar ba ce da mutum zai riƙa yawo da takarda kamar buhun taki.

Hanyar ta fara da kyau. Ƙarshen damina ne, masara ta bushe a tsaye hagu da dama, ta fi mu tsawo, duwatsu na leƙo mu ta samanta. Mun wuce wata ruga, muka yi sallama, ba wanda ya amsa sai wata ƙwarya da iska ke juyawa a tsakar fili. Mun wuce wani ɗan ƙauye, ƙofofi a ja, ko akuya babu. Na san dalili sarai, maza duk sun yi gaba zuwa masallacin Juma'a. Amma sanin dalili bai hana ni waige-waige ba. Hadari ya taso daga gabas ya rufe rana, hasken ya koma wani iri, ba duhu ba, ba haske ba, ja-ja-ja kamar an duba duniya ta cikin ledar burodi. Waya ba sabis. Tsuntsaye sun yi tsit. Ba abin da ake ji sai ƙarar babur da busasshen ganyen masara yana gogar juna, shuu, shuu, kamar mutane da yawa suna raɗa. Isuhu ma ya matso ya riƙe rigata ta baya.

Muna shan wata kwana sai ga shinge.

Hanyar ta hau kan wani faffaɗan falalen dutse, an gitta gungume a kai, ga tsohuwar durom a gefe, ga duwatsu an jera. A inuwar wata ƙatuwar ɗorawa kuma ga mutum a tsaye cikin baƙin kaki, da hula a karkace, da baƙin tabarau, abu dogo rataye a kafaɗarsa. Hannunsa na dama a miƙe yake, tafin yana kallon mu. Shi kaɗai ne. Ba mota, ba abokin aiki, ba benci. Duk wanda ya saba bin hanyoyinmu ya san shingen da ya fi tsoro shi ne wanda ba kowa a kusa da zai ce ya gani.

Na taka birki tun daga nesa, babur ya mutu da kansa. Sai kunnena na hagu ya fara ƙara.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa majalisa ba, ko matata ba ta sani ba a lokacin. Ina ɗalibi a kwalejin horar da malamai, an taɓa sauke mu daga mota a wani shinge, da rana tsaka. Na tambayi dalili, tambaya ɗaya tak, da ladabi. Marin da aka yi mini sai da na ga wuta. Aka sa ni tsallen kwaɗo a bakin titi, riƙe da kunnuwana, mata da yara na kallo ta tagar mota. Tun ranar kunnen nan ba ya jin kira sosai, amma da ya hango baƙin kaki sai ya kama wani siririn kuka, wiii, kamar sauro ya shige ciki. Bayan marin ne na sayi kundin tsarin mulkin. Shi ya sa nake barci a shinge.

Na ɗaga murya na ce, "Salamu alaikum, ranka ya daɗe!"

Shiru.

"Barka da aiki, Yallaɓai!"

Bai amsa ba, bai sauke hannu ba, bai ko juya kai ba. Tabaran nan kawai ke kallon mu. Sai iska ta kaɗo, na ga hannun rigarsa ya motsa, sau biyu, irin motsin nan na ku matso nan. A cikin masara ta bayansa kuma wani abu ya gifta, ganye ya buɗe ya rufe. Na ce shi ke nan, sauran suna ɓoye.

Ban san lokacin da na sauka daga babur ba. Ban san lokacin da na tuɓe takalmi ba (har yau ina tambayar kaina wa ya ce in tuɓe). Na dai tsinci kaina a durƙushe a kan dutse, gwiwa biyu cikin wani ɗan taɓo da ruwa ya bari, hannuwa a sama, hulata a ƙasa. Kundin tsarin mulki yana nan a aljihuna, ina jin zuciyata na dukan sa. Bai ko faɗo mini a rai in zaro shi ba. Da a nan abin ya tsaya, da labarin dariya ne kawai, da tuni na ba da shi a majalisa. Amma mutumin ya ci gaba da shiru, shirun ya yi mini nauyi, na ji dole in ba shi wani abu kafin ya zaɓa da kansa. Sai bakina ya buɗe.

"Ranka ya daɗe, ni malamin makaranta ne, ɗan ƙasa ne, ga katina. Wannan ɗan Nijar ne. Ba shi da takarda. Ni rage masa hanya kawai na yi, wallahi ban san..."

Ban ƙarasa ba. Ba don kunya ta kama ni ba, a'a. Wani ƙaton biri ne ya fito daga cikin masarar, da zangarniya a baki, ya tako a hankali kamar mai gidan, ya kama wandon Yallaɓai ya haye, ya zauna daram a kafaɗarsa. Ya ture hular gefe. Ya ci gaba da ɓare masararsa yana kallo na.

Da hular ta zame sai ga ƙoƙon duma an shafe shi da baƙin tukunya.

Mutum-mutumi ne. Bindigar kuwa ƙotar fartanya ce aka ɗaura wa igiya. Sai a lokacin idona ya ga abin da ke gabana tun farko: masara ce jawur aka shanya a kan falalen dutsen, gungumen da duwatsun an jera su ne don kar babura su bi ta kan shanya.

"Kai! Tafi can, ɗan banza!"

Dutse ya wuce ta saman kaina, birin ya dire ya shige gona. Wata tsohuwa ce ta sauko daga wata 'yar rumfa da ke bayan ɗorawar, ƙarama, da sanda, tana ɗingishi. Ashe tun zuwanmu tana zaune tana kallo. Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta je ta ɗauki hular ta kaɗe, ta mayar wa duman, ta gyara masa wuyan riga kamar mai sallamar miji zuwa aiki. Na ji tana ce masa a hankali, "Kofur, ka ga ka sake ko? Kana kabari ma ba ka bar bayin Allah sun huta ba."

Sannan ta juyo gare ni. "Tashi, ɗan nan. Sanya takalminka."

Na ce, "Sannu Iya."

Ta ce kayan maigidanta ne, ɗan sanda ne ya yi ritaya ya dawo noma, ya rasu shekarun baya. Ran Juma'a birai sun san maza ba sa nan, sai su sauko daga dutse su yi wa shanya wawa, shi ya sa ta ciro kakin daga akwati ta kafa. Isuhu ya tambaye ta ko yana korar su.

"Birai? Kwana uku suka yi suka gane shi. Mutane ne har yau ba su gane ba. Wani ya juya da babur a guje, wani ya jefo 'yar takardar kuɗi ya wuce bai ko waiwaya ba. Amma mai durƙuso da tuɓe takalmi, kai ne na fari." Ta dubi rigar. "Ban ga laifinka ba. Ni ma shekara talatin ina durƙusa wa rigar nan a cikin gida. Yanzu dai ita ke tsaye a rana, ni ina inuwa."

Daga nan ta nuna Isuhu da sandarta, ta tambaye ni, "Shi wannan da ka ce ba ka sani ba, a ina ka tsinto shi?"

Na waiwaya. Sai a lokacin na dube shi tun da muka tsaya. Yana tsaye a gefen babur, hularsa a hannu, fuskarsa ba fushi ba dariya. Kafin in haɗa wata ƙaryar ya riga ni.

"Rage mini hanya ya yi, Iya. Allah shi ba shi lada."

Wallahi da ya kwaɗa mini mari a kunnen dama, da na gode masa.

Mun samu salla da ƙyar, an ɗaura aure, an raba goro da dabino. Mutane suka yi ta tambayar abin da ya ɓata mini gwiwoyin farar shadda. Ga taubashi, ga taron dangi, ga labari irin wanda ake shekara ashirin ana ci. Haƙƙinsa ne ya tsaya a tsakiyar fili ya kwaikwaye ni, da tuɓe takalmin da komai, ba mai hana shi. Na sunkuyar da kai ina jira. Sai na ji ya ce, "Babur ne ya zame da mu a taɓo." Da yamma Goggo ta kira, ya sa ta a sarari kowa na ji, ta tambaye shi ko ina kula da shi. Ya ce, "Ƙwarai, Inna. Malam ya yi ƙoƙari."

Malam. Tun muna yara bai taɓa ce mini Malam ba.

Haka ya koma Maraɗi. In na kira sai ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyali da ɗalibai, ya yi mini fatan alheri. Ba ya tambayar wuta. Na gwada tsokanar sa da zancen kokawa, ya ce, "Haka ne, Malam." Wata huɗu muna haka. Na ci gaba da zuwa majalisa, amma in aka taso da maganar 'yanci sai in ce shayi ya yi zafi. An ce tsoro na daji, kunya na gida, ni kuwa na kwaso duka biyun na kawo gida. Ban damu da biri ba, ban damu da duma ba. Abin da ke hana ni sakat shi ne na san da mutumin gaske ne a gindin ɗorawar nan, da na miƙa masa ɗan goggona na hau babur.

Ran nan bayan la'asar na zauna a zaure na kira shi. Na ce kar ya katse ni. Na ba shi labarin marin, da tsallen kwaɗon, da kunnen, duk abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce ba hujja nake kawowa ba, don abin da na yi ba shi da hujja. Na ce ya yafe mini.

Ina jin keken ɗinkin wani na tafiya a bayansa. Can ya ce, "Ka san ni ma hannuna na sama ranar? Ba ka waiwayo ba ne. Akwai tabon bel ɗin jandarma a bayana, tun ina saurayi, ko Inna ba ta taɓa gani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yakai. Tsoron ɗaya ne, naka da nawa." Ya ja numfashi. "Bambancin kawai, ni ban kira sunanka ba."

Na ce, "Na sani."

"To tunda ka sani, ya wuce."

Ina neman abin da zan ce in yi sallama, sai na ji ya gyara murya.

"Ɗan Najeriya."

"Na'am?"

"An kawo wuta?"

Ba a kawo ba. Na zauna a zauren nan ina dariya, hawaye na zuba, har matata ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Yanzu kusan duk Juma'a sai ya turo saƙon murya ya ce in gaida Kofur, in tambaye shi ko yana bukatar lauya. Labarin ya kai Maraɗi, ya zagayo Badafi, amma rabinsa kawai yake bayarwa, na takalmi da biri. Ɗaya rabin ni na ƙara muku yau da bakina. Kundin tsarin mulkin yana nan, har gobe ina koyar da shi, don abin da ke ciki gaskiya ne ko da ni na kasa. Sai dai na daina buga shi a benci. Kuma in kuka ji ni ina cika baki kan 'yancin ƙasata da na ƙasar wani, kar ku wahalar da kanku da gardama. Ku dubi gwiwoyin wandona, sannan ku tambayi wanda na goyo a baya.